Nauyin Babu

Kafin ladanin Nima ya gyara murya
na jingina keke da bangon Hajiya Memuna,
inda tukunyar wake da shinkafa ta fara huci.
Waya ta ce: sauke ƙafarka.
Bar feda ta rataya ƙasa, kamar hannun mai barci.
Kada ka taɓa, ko da bakin wando.
Tana so ta ji nauyin babu
kafin ta faɗi nauyin ƙafata.

Haka Baba yake yi a rumfar nama ta Mamobi:
ya goge faranti da tsumma, ya kori ƙuda,
ya tsura wa allurar sikeli ido
har ta zauna daram a kan sifili,
sannan ya yi bismilla, ya ɗora tsoka.
Ni lokacin yunwa nake ji, ban gane ba.

Fedar nan gwanjo ce.
Kwabena ya tono ta cikin kwantena a Tema,
na biya sidi dubu uku, ya ƙara min rantsuwa biyu.
Wata takwas tana yi min kirari:
wat ɗari uku da goma a hawan Aburi!
Na kai labari teburin mai shayi,
na nuna wa Mutaru. Ya yi shiru,
washegari ya sayi sabuwar taya.

Daren jiya saƙo ya shigo:
akwai sabuwar manhaja ga fedarka.
Ashe abin takawa ma yana da karatu.
Wai malamanta, can wata ƙasa mai sanyi,
sun ga kuskure a allonta,
za su wanke, su sake rubutu.
Na danna. Kashi goma sha biyu. Talatin.
Sittin da uku,
sai aka ɗauke wuta, sabis ya bi bayanta,
fanka ta mutu, sauro ya farka.
'Yar fitilar feda na ƙiftawa ja, ja, ja,
ta saki tsohon sani, ba ta kama sabo ba.
Na saɓa keke a kafaɗa na hau bene,
na tsuguna cikin igiyoyin shanya
ina riƙe da waya kusa da ita kamar mai jinya.
Ɗaya saura kwata fitila ta koma kore.

To, yau ga mu.
Madina, Adenta, Ayi Mensah,
kwalta ta ɗaga kai ta fara tambaya.
Na miƙe kan feda, na ba ta duk abin da uwata ta haifa.
Na duba.
Ɗari biyu da sittin da takwas.

Huhun nan ne dai, gumin ma gishirinsa bai canja ba.
Ashe zafin Ankara ke miƙar da ƙarfe,
ita kuma ta rubuta shi da sunana.
Wata takwas ina cin ladan rana.

Ba ta tsaya nan ba, marar kunya:
dama hamsin da shida, hagu arba'in da huɗu.
Hagun da tirotiro ta taɓa a Sakul shekara shida baya,
wadda na ce wa kowa ta warke,
har ni na yarda.

A kwanar Feduwase Mutaru ya zo wucewa,
ya sassauta, ya ce, lafiya?
Na ce, an gyara min sikeli.
Ya yi dariya har kekensa ya karkace:
dutsen dai bai ƙara tsawo ba, taka mu je.

A sama mun sha ruwan kwakwa, ba mai magana.
Birni na can ƙasa, rufin kwano har bakin teku.
Na laluba wayar, ko akwai hanyar komawa tsohon karatu.
Babu. Na ji haushi. Na kuma ji wani abu
mai kama da sauke buhu.

Na dafa gwiwar hagu, tabon ya yi ɗumi.
Na ce, ke, ashe shekara shida kina bin bashi
ban ko gaishe ki ba.
Mai kwakwa ya ɗauka da shi nake,
ya ce shi kam na biya.